Babi na Huɗu: Tef Kafin Guduma

Da zarar ruwan sama ya ɗauke a watan Oktoba, kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano takan cika da wasu masu saye da ba a cika ganinsu da damina ba. Magidanta ne, kowa da 'yar takarda a aljihu. Wannan damina ta tona asirin rufinsa. Wancan zai aurar da ɗa, yana so ya fitar masa da ɗaki da falo a cikin gida. Wani kuma gidan gado aka raba, za a ja katanga a tsakiya kowa ya fasa ƙofarsa. Haka ake gani a Panteka ta Kaduna, da Dei-Dei ta Abuja, da kasuwar Katako ta Yamai.

Abin da ke rubuce a takardun nan kusan iri ɗaya ne: siminti, yashi, bulo, kwano, tayil, fenti. Da wuya a ga wanda ya rubuta tef ɗin awo ko tiyo, alhali su ne za su yanke hukuncin yadda aikin zai ƙare.

Mai sabon gini fili yake samu fetal, ya aza abin da ya ga dama a inda ya ga dama. Mai gyara kuwa gadon aikin wani ya yi. Yawancin gidajen da aka gina a Fagge ko Gwammaja ko Tudun Wadar Zariya shekaru arba'in ko hamsin da suka wuce babu zanensu a hannun kowa. Birkilan da ya gina ya rasu, ba wanda ya san zurfin harsashin, ba wanda ya san ta inda waya ta bi a cikin bango. Shi ya sa kayan aikin gyara suke da jeri, kuma wanda ya tsallake na farko zai biya kuɗinsa a na ƙarshe.

Kayan bincike da awo

Kayan rukunin farko duka za su shiga jakar hannu guda. Akwai tef mai mita 5 na cikin ɗaki, da dogo mai mita 30 na tsakar gida. Akwai ma'aunin ruwa, wanda magina ke kira filam, da igiyar layi, da sikwaya, da fensir, da tocila, da ƙaramar guduma, da sukudireba, da littafin rubutu. Sai tiyo siriri mai haske, wanda ake ganin ruwa ta cikinsa, tsawon mita 10 ko fiye.

Tiyon nan ya fi komai araha, kuma babu abin da ya fi shi gaskiya. Ana cika shi da ruwa a tabbatar babu kumfar iska a ciki. Birkila ya riƙe baki ɗaya a jikin bango inda ya yi alama da fensir, yaronsa ya ja ɗaya bakin ya zagaya da shi ta ƙofa zuwa wani ɗaki. Birkila yana cewa a ɗaga ko a sauke, har ruwan bakinsa ya tsaya cak a kan alamar, sannan yaron ya ja layi inda nasa ruwan ya tsaya. Alamomin biyu tsayinsu ɗaya, ko da bango uku ne a tsakaninsu. Da wannan ake gano cewa daɓen ɗaki ya fi na tsakar gida ƙasa, ko kuma titin unguwa ya taso ya fi ƙofar gida tudu saboda cikon da aka yi ta yi shekara da shekaru. Gidan da ke cikin wannan hali, duk tayil ɗin da aka shimfiɗa masa kafin a ɗaga daɓe, a cikin ruwa zai kwana a watan Agusta.

Tef kuma shi ke fallasa karkataccen ɗaki. Ɗakin da kowa ke kira sha biyu sha biyu, idan aka auna shi daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangarori biyu, dole awon biyu su zo daidai. In sun saɓa, ɗakin ya karkace, kuma mai tayil zai yi ta yanka. Magina suna da tsohuwar dabarar fitar da kusurwa: a auna ƙafa 3 a bango ɗaya, ƙafa 4 a ɗayan, idan tsakanin alamomin ya ba da ƙafa 5 cif, kusurwa ta miƙe.

Guduma da sukudireba a wannan mataki na sauraro ne. Ana bin bango ana ƙwanƙwasawa a hankali. Filastar da ke manne da bulo sautinta a dunƙule yake, wadda ta saki kuwa amo take yi. Katakon rufi da na ƙofa ana soka musu bakin sukudireba. Idan ya lume ba gardama, gara ta riga ta cinye cikin ta bar fata. Tocila ita ke shiga saman silin ta nuna tabon yoyo da wayar da ɓera ya gwaigwaye.

Tsagar bango ce ta fi bukatar haƙuri. Siririya mai kama da gashi yawanci ta filasta ce, ba ta da zurfi. Wadda ta taso a karkace daga kusurwar taga, ko ta bi layin bulo hawa-hawa, tana iya zama alamar harsashi na nutsewa. Ana yi wa ƙarshenta alama da fensir a rubuta kwanan wata, a dawo bayan makonni a gani ko ta wuce alamar. Tsaga mai tafiya ba a toshe ta da siminti a shafe da fenti. A watan Agusta na 2023 wani sashe na babban masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina tun ƙarni na 19, ya rufta ana cikin sallar la'asar, mutane suka rasa rayukansu. Mai martaba Sarkin Zazzau ya bayyana cewa kwana ɗaya kafin nan aka lura da tsaga a bangon, ana shirin kawo injiniyoyi ke nan abin ya faru.

Kayan rushewa

Nan ne leburori suka fi jin daɗin aiki, nan ne kuma aka fi yin ɓarna. Kayan su ne babbar guduma, da cizal, da diga, da shebur, da ƙarfen ɓamɓare ƙusa, da baro. A yau an ƙara da giranda, injin da ke yanka bango da ƙarfe da tayil.

Tambayar da ke gaban kowace guduma ita ce: me wannan bangon yake ɗauke da shi? Wani bangon raba ɗaki kawai yake yi. Wani kuwa shi ne ƙafar rufi ko ta dakin, wato rufin kankare. Yawanci bulo mai inci 9 ake sa wa bangon da ke ɗaukar nauyi, mai inci 6 kuma na rabe-rabe, amma a tsofaffin gidaje ba a cika bin wannan ƙa'ida ba. Kafin a fasa ƙofa ko a haɗe ɗakuna biyu su zama falo, ana tokare saman da ƙarafan tokara na haya ko gora mai kauri, a zuba linta ta kankare da rodi, a bar ta ta yi ƙarfi, sannan a cire bulon da ke ƙarƙashinta.

Masu son ɗora bene a kan tsohon gini ya kamata su zauna da lissafi ɗaya. Kankare mai faɗin mita ɗaya, tsawon mita ɗaya, tsayin mita ɗaya, nauyinsa ya kai kilo 2,400. Dakin mai kaurin santimita 15 ke nan yana ɗora kilo 360 a kan kowane murabba'in mita. Ɗaki sha biyu sha biyu yana da murabba'in mita 13 da 'yar ɗoriya, wato an doshi tan 5, tun ba a sa bulo ko ɗaya a sama ba, ba a shigar da gado da kujeru ba. Harsashin da aka haƙa don ya ɗauki kwano da katako ba a yi shi don wannan ba. A irin wannan aiki injiniya ne kayan aiki na farko, sai izinin hukumar tsara birane, wadda a Kano ita ce KNUPDA.

Giranda tana da sauri, ba ta kuma yafiya. Ƙarama mai faifan inci huɗu da rabi tana juyawa kusan sau 11,000 a minti ɗaya. Babban faifai mai inci 9 an yi shi ne don juyin da bai wuce 6,600 ba. Duk da haka ana samun masu cire murfin kariya na ƙaramar su ɗaura mata babban faifai don yankan ya yi zurfi. Faifan da aka juya fiye da ƙarfinsa tarwatsewa yake yi, kuma fuskar mai riƙe da injin ce mafi kusa. Ƙurar da take tayarwa daga bulo da kankare tana ɗauke da ɓurɓushin yashi mai zama a huhu ya taurara shi, cutar da ba ta warkewa. Yayyafa ruwa a wurin yanka yana kwantar da yawancinta.

Abu biyu a tsohon gida ba sa son giranda ko sanfefa ko kaɗan. Na farko tsohon silin na asbestos, wanda aka yi yayinsa shekarun baya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ƙurarsa tana jawo sankarar huhu. Jiƙa shi ake yi, a zare ƙusoshi, a sauke shi gudansa ba tare da an farfasa ba. Na biyu tsohon fentin mai na ƙofofi da tagogi, wanda zai iya ƙunsar dalma. Mutanen Zamfara sun ga abin da dalma ke yi wa yara a 2010, lokacin da ƙurar dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe ɗaruruwansu. Ta fenti ba ta kai wannan yawa ba, amma gubar ɗaya ce, kuma yaro mai rarrafe shi ke fara kwasa.

Baraguzai ma sai an yi musu shiri. A cikin birni, inda lungu ba ya ɗaukar tifa, baro ne ke fitar da su zuwa bakin titi, shi ne kuma ke shigo da yashi. A wasu garuruwan har yanzu jakai da mangala ne ke wannan jigila. Duk wanda gidansa ke ƙuryar lungu ya sa kuɗin dako a lissafi tun farko, ya kuma sanar da maƙwabta da mai unguwa kafin ya tare musu hanya, balle idan katangar da za a taɓa ta tarayya ce.

Kwanon birkila

Birkila yakan zo da cokalin gini, da filam, da igiya, da katakon goge filasta, da dogon ƙarfe miƙaƙƙe na daidaita fuskar bango. Maigida shi ke tanadar shebur, da baro, da rariyar tankaɗe yashi, da duro na ruwa, da kwanon ɗaukar kwaɓi.

Kwanon nan ma'auni ne kafin ya zama abin ɗauka. Buhun siminti kilo 50 ne, ko na Dangote ne daga Obajana, ko na BUA daga Kalambaina a Sakkwato, ko na Ashaka daga jihar Gombe. Buhu ɗaya yana cika kwano biyu. Daga nan duk lissafi yake fitowa. Kankaren linta da ginshiƙi na ƙaramin gini ana haɗa shi ɗaya, biyu, huɗu: buhu ɗaya na siminti, kwano 4 na yashi, kwano 8 na tsakuwa. Kwaɓin ɗora bulo ɗaya ne bisa shida, wato buhu ɗaya da kwano 12 na yashi. Filasta takan fi wannan ƙarfi kaɗan. Inda ake awo da shebur, ko da baron da kowane lebura ke cika shi yadda ƙarfinsa ya ba shi, babu kwaɓi biyu da za su zo iri ɗaya, kuma bango zai nuna hakan bayan damina biyu.

A farkon 2024 farashin buhu ya haura naira 10,000 a wurare da dama, har gwamnatin tarayya ta zauna da kamfanonin siminti a watan Fabrairu. Irin wannan tsada ita ke sa a ja buhu ya yi aikin buhu ɗaya da rabi. Masu buga bulo ma suna yi. Gwajin bulo ba ya bukatar komai sai ƙusa da hannu: wanda ƙusa ke kankare shi cikin sauƙi, ko gefensa ke marmashewa a tafin hannu, yashi ne aka nuna wa siminti.

Ruwa shi ne abin da aka fi yi wa sakaci. Buhu ɗaya na kankare yana bukatar kimanin lita 25, jarka guda ta 'yan garuwa, ƙasa da haka ma idan yashin jiƙaƙƙe ne. Amma kwaɓi mai ruwa-ruwa ya fi daɗin ɗiba da zubawa, shi ya sa kalmar da aka fi ji a bakin masu kwaɓi ita ce a ƙaro ruwa. Ruwan da ya wuce kima yana bushewa ya bar ƙananan ramuka a cikin kankare, ƙarfinsa ya ragu. Bayan an zuba kuma sai lamarin ya juye: a lokacin ne kankare ke son ruwa. Siminti haɗuwa yake yi da ruwa ya taurare, kuma sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da ake lissafa shi da shi. Ana ba shi ruwa safe da yamma aƙalla mako guda, a rufe shi da jiƙaƙƙen buhu. A hunturu, da iska ke busar da komai, ko a watan Afrilu da zafin Kano ke haura digiri 40, filastar da ba a shayar ba kafin kwana biyu ta tsattsage.

Yashi ana gwada shi da kwalba. A zuba shi zuwa rabi, a cika da ruwa, a girgiza, a ajiye na wasu sa'o'i. Yashi zai kwanta a ƙasa, laka ta hau kansa. Idan kaurin lakar ya kai kashi ɗaya cikin goma na yashin, a nemi wata tifar. Siminti kuma a kan katako ake jera shi, nesa da bango, kada ya wuce buhu goma a tsaye, kada kuma ya haura wata uku a ajiye.

Idan gidan na ƙasa ne

Dubban gidaje a Kano da Katsina da Zariya da Damagaram har yanzu na tubali ne, wasu an lulluɓe su da siminti har ba a ganewa. Kayan gyaransu daban ne. Magini na gargajiya fartanya yake bukata ta kwaɓa ƙasa da ciyawa, da ƙafafun masu tattakawa, da gatari da gizago na sassaƙa azara, da tsani. Sauran aikin na tafin hannu ne. Ana ɗora tubali faffaɗan gefe a ƙasa, yaro yana cilla wa magini curin ƙasa daga ƙasa yana cafewa a kan bango.

Azara daga giginya ake tsaga ta, kuma gara ba ta cika cin ta ba, shi ya sa ake samun wadda ta girmi duk mutanen gidan tana nan garau. Mai gyara da ya sauke tsohon soro kada ya bari a kai azarar murhu. Iyakarta ita ce ba ta ɗaukar nauyin ƙasa a tazara mai faɗi, dalilin da ya sa magina suka ƙirƙiro bakan gizo da ɗaurin guga don su rufe manyan ɗakuna. Na kare bango daga ruwa kuwa akwai makuba, daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa, da laso, wanda ake haɗawa da katsi na karofi da gashin jima da dafara.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ɗauko cokali a shafe bangon ƙasa da filastar siminti kai tsaye. Ƙasa tana shan danshi ta fitar, tana kumbura tana motsewa. Siminti ba ya bin ta. Ruwa ya samu 'yar tsaga ya shiga baya, ya rasa hanyar fita, ƙasa ta yi ta narkewa a ɓoye, wata rana filastar ta saki gaba ɗaya kamar ƙanzo daga gindin tukunya. Maginan da suka san aikin sukan kafa ƙusoshi da wayar kaji, ko su dasa tsakuwa a jikin bangon, don filasta ta samu abin kamawa. Sun kuma san cewa lafiyar gidan ƙasa tana ga indararo mai tsawo da ke jefa ruwa nesa da gindin bango.

Abin da ke cikin bango

Waya da bututu ana gama su kafin filasta. Mai wayar lantarki yana zuwa da tasta, da filaya, da sukudireba mai rufin roba, da wayar jan waya ta cikin bututu, da mita mai auna ƙarfin wuta. Wutar gida a Najeriya da Nijar tana tsakanin bolt 220 da 230, kuma tana kisa. Gidan yau sau da yawa hanyar wuta uku gare shi: ta NEPA, ta janareta, da ta batirin sola. An ɗauke wuta ba ya nufin waya ta mutu. Sai an kashe duka ukun, an kuma gwada.

Kaurin waya ba abin ciniki ba ne. Mai lamba 1.5 ta fitilu da fanka ce, 2.5 ta soket, 4 ko 6 ta na'urar sanyaya ɗaki da hitar ruwa da murhun lantarki. Tsohon gidan da aka yi wa waya lokacin da kayan wutarsa ba su wuce ƙwai huɗu da rediyo ba, ba zai ɗauki firiza da dutsen guga da injin jan ruwa ba. Kasuwa kuma cike take da wayar da aka rage wa kauri, ko aka yi da wani ƙarfe aka shafa masa jan ƙarfe a sama. Kankare bakin wayar da wuƙa yana nuna launin cikinta. Kafin a rufe bango, maigida ya ɗauki hoton kowane layi da wayarsa ta hannu. Hoton nan shi ne zanen da gidan bai taɓa samu ba.

Mai famfo kayansa sufana ce babba da ƙarama, da zarton ƙarfe, da almakashin yanka bututu, da gam, da farin zaren naɗe bakin famfo, da injin narka bututun PPR, wanda ke kai zafin digiri 260. Bututun masai inci 4 ne, na ruwan wanka inci 2, kuma ana ba babban gangara kimanin santimita biyu da rabi a kowace mita. Nan ma tiyo da filam ake komawa. A sake ruwa a bututu a bar shi ya kwana kafin a rufe, domin ɗigon da ba a gani yau ba, fasa sabon tayil zai sa a yi gobe. Akwai kuma awon da ba ya cikin littafin kowane kamfani amma maigida Musulmi ba ya mantawa: kada mazaunin masai ya fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya. Daga ƙasar Hausa alƙibla gabas take mai karkata arewa, kuma wayar hannu tana nuna ta.

Rufi, tayil, fenti

Kafinta yana hawa da guduma, da zarto, da tef, da almakashin kwano, da igiya. Katakon rufi, daga biyu-biyu zuwa biyu-shida, ana shafe shi da maganin gara kafin a hau da shi. Wasu baƙin mai suke shafawa saboda araha. Abin da ya fi kwano da katako muhimmanci shi ne ɗaurin da ke haɗa rufi da bango, na rodi ko na siririn ƙarfe da aka binne a linta. Iskar farkon damina ba ta huda kwano, ɗaga rufin take yi gaba ɗaya, kuma kowace shekara rufin da aka ɗora ba ɗauri ne ke fara tashi. Tsani kuma ana jingina shi da lissafi: duk tsayin ƙafa huɗu, gindinsa ya ja baya ƙafa ɗaya.

Mai tayil yana bukatar injin yanka, da cokali mai haƙora, da gudumar roba, da 'yan robobin da ke raba tsakanin tayil, da soso. Lissafinsa mai sauƙi ne. Tayil mai santimita 60 kowane gefe yakan zo huɗu a kwali, kwali ɗaya ya rufe murabba'in mita 1.44. Ɗaki sha biyu sha biyu, da ƙarin kashi goma cikin ɗari na yanka da fashewa, kwali goma sha ɗaya ke nan. A saye su rana ɗaya, domin launi yana ɗan bambanta daga fitowa zuwa fitowa, kuma samfurin da ke kasuwa bana ba lalle a same shi baɗi ba.

Mai fenti shi ke zuwa ƙarshe, da rola da burushi da ƙarfen kankara da sanfefa da tamfol na rufe ƙasa. Sabuwar filasta tana son kimanin wata guda kafin ta karɓi fenti. Bangon da gishiri ke cin gindinsa kuwa, fentin ba shi da laifi. Danshi ne ke tasowa daga ƙasa, kuma sai an magance shi fenti zai zauna.

Na saye, na haya, na mai sana'a

Maigida ba ya bukatar mallakar rabin abubuwan da aka lissafa. Kayan hannu na kowace sana'a mai sana'ar ne ke zuwa da su, kuma kallon jakarsa yana faɗin abubuwa da yawa game da shi: birkilan da ya zo ba filam, ko mai waya da ba shi da mita, ya riga ya nuna irin aikin da zai yi. Manyan kaya, irin su injin kwaɓa kankare, da injin girgiza shi, da ƙarafan tokara, da sakafol, haya ake ɗauka da kwana, don haka sai an tara yashi da tsakuwa da ruwa da ma'aikata sannan a aiko da su.

Janareta ma yakan shiga cikin na haya. Ƙaramin na gida da ke kunna fitila da talabijin bai kai wat 1,000 ba, babbar giranda kuwa tana cin 2,000 ko fiye, kuma a lokacin tashi takan ja ninkin haka. Injin walda ya fi ta ci.

Abin da maigida zai saya na kansa su ne kayan awo, da shebur da baro da kwano da duro, da guduma da filaya da tasta, waɗanda za su yi masa amfani bayan ma'aikata sun tafi. A nan araha ba ta ado: filam ana gwada shi tun a shago, a ɗora a kan teburi a duba kumfar, a juya shi baki ya koma gindi a wuri ɗaya, idan kumfar ta sauya mazauni a mayar wa mai shago.

Sai kayan kariya, waɗanda in maigida bai saya ba babu mai sayensu. Jiƙaƙƙen siminti yana da kaifi irin na soda, yana cin fata, shi ya sa ƙafafun masu kwaɓi ke tsattsagewa. Takalmin roba da safar hannu ne maganin. Mai giranda yana bukatar tabarau da abin rufe hanci mai tace ƙura. Ƙusar da ke tsaye a tsohon katako tana iya jawo cutar sarƙe haƙora, saboda haka ana lanƙwasa ta ko a zare tun a wurin saukewa.

Yawancin iyalai ba sa tashi daga gida lokacin gyara, don babu inda za su. Wannan ya sa zana ko tamfol ya zama kayan aiki shi ma: a kewaye sashen da ake aiki, mata su samu sakewa a nasu ɓangaren, ma'aikata su san ƙofar da za su bi da inda za su yi sallama. Duron ruwa a rufe shi da murfi mai nauyi, ramin sokawe a shinge shi tun ranar da aka fara haƙa, giranda kuma a zare ta daga wuta duk lokacin da aka tafi salla ko cin abinci, domin yaran gida suna shiga wurin aiki da zarar manya sun ba da baya.